Tukunyar Irin Inna

A garinmu ba a cewa ruwa ya yi yawa. Da wannan na tashi, kamar yadda na tashi da sanin ba a miƙa wa babba abu da hagu. In yaro ya dawo daga fadama jiƙe sharkaf ya ce ruwan nan ya ishe mu, kafin ya rufe baki an make masa ƙeya, an ce ya yi istigfari. Ruwa rahama ne, wanda ya yi ƙorafin rahama kuwa ya gayyato fari da bakinsa. Kakanninmu sun ga fari, sun ci abin da ba a faɗa, don haka ban ga laifinsu ba. Amma wannan ladabin ya kusa cinye mana gari.

Ƙauyenmu yana gabas da Haɗeja, a hanyar Baturiya, a bakin wani reshe na kogi. Babana shi ne bulama, wato mai garin. Ni ce 'yar fari, ni aka kai boko, har na zama malamar firamare a cikin Haɗeja, na yi aure a can, ina zuwa gida ƙarshen mako. Mahaifiyata, Inna, ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari. Da na fara aiki sai ta samu mafita, take ce mini Malama, da wata irin murya da ba ka iya gane girmamawa ce ko tsokana.

Kogin da na sani ina yarinya yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Da damina ya cika ya bazu cikin fadama, da rani ya janye ya bar tafkuna cike da tarwaɗa da karfasa, ƙasa ta bushe ta tsage, shanun makiyaya su sauko su ci ciyawa su bar mana taki. Can sama, wajen Kano, akwai madatsar ruwa da ta girme ni, wadda dama takan saki ruwa da rani saboda masu noman alkama. Da aka kafa mata injinan wutar lantarki sai sakin ya zama ba hutu, don shi inji ba ruwansa da damina ko rani, ruwa yake so kullum. Reshenmu ya daina bushewa. Inda ruwa ya kwanta shekara da shekaru kuwa, kacalla ke fitowa, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, mai saiwa kamar igiya. Ta toshe hanyoyin kwalekwale, ta cinye gonakin shinkafa ɗaya bayan ɗaya, tsuntsayen jan-baki suka yi gida a cikinta suna fitowa su cinye abin da ya rage. Gonar Inna tana cikin na farko da suka tafi.

Ba gonar ce ta fi damun Inna ba, irin ne. Tana da wata jar shinkafa da ta gada wajen mahaifiyarta, mutanen da asalinsu daga wajen tafkin Chadi ne. Ana watsa ta a busasshiyar ƙasa da ruwan farko, in kogi ya zo sai ta riƙa tsawo tana bin sa, ba ta yarda ya shanye ta. Tuwonta kwana yake bai saki ba. A danginsu ba a sayar da irin, uwa ce ke ƙulle wa 'yarta a ƙyalle ranar da za a kai ta ɗaki. Ni ba a ƙulle mini ba. Da na tambaya, cewa ta yi, “A ina za ki shuka, Malama, a kan siminti?” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai shekaru.

Iri ba ya zama har abada, in ba a shuka an sabunta shi ba mutuwa yake yi. Inna ta gwada a tudu bayan gida, ya fito a wahale, jan-baki suka ƙarasa shi. Ta ari wata 'yar gona wajen ƙaninta a Miga, abin da ta samu bai fi abin da ta zuba ba. Ƙarshe dai abin da ya rage tukunya ɗaya ce, an gauraya da toka an liƙe bakin da laka, tana ƙarƙashin gadonta. Duk bazara takan buɗe ta ɗebi kaɗan a tafin hannu, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye bayan randa. Bayan 'yan kwanaki ta warware ta duba nawa suka tsiro. Kowace shekara farin tsiron raguwa yake, ita kuma sai ta wanke tsumman ta shanya.

Ba wai ba a zuwa a tambaye mu ba ne. Ma'aikatan madatsar suna zuwa lokaci lokaci, a shimfiɗa musu tabarma a zauren Baba, dattawa su taru. Su ce yaya ruwa? A ce ruwa sai godiya, Allah ya ƙara. In an matsa, wani ya ce sai dai ciyawa ta ɗan takura mana. Sai a rubuta ciyawa, a turo injin yanka, ya yanke, damina ɗaya ta dawo ta fi da. Ina laɓe a bayan zana ina jin su, raina yana tafasa. Na taɓa yi wa Baba magana, ya dube ni ya ce, “Mutum ya yi tafiyar yini ya kawo miki ruwa, ki dubi idonsa ki ce ya yi yawa? Bokon naku haka ya koya muku?”

Wata Asabar aka ce baƙin suna tafe, kuma shugabarsu sabuwar injiniya ce, mace. Inna ta aiko mini in taho da shinkafa da kifi daga kasuwar Haɗeja. Na san abin da wannan aiken ya ci mata. Gidan bulama, a bakin kogi, a ce sai an sayo kifin ƙanƙara.

Injiniyar gajeruwa ce, ba za ta girme ni da yawa ba, da mayafinta da takalmin roba irin na masu shiga ruwa, Hausarta ta Kano zalla. Aka yi zaman zaure kamar kullum, aka ce sai godiya, Allah ya ƙara. Da lokacin abinci ya yi Baba ya rasa yadda zai yi da ita, don ba a taɓa sa mace ta ci a tsakiyar maza a zaurensa ba. Sai ya ce a shiga da ita wajen Inna. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya faro, kuma har gobe ina gode wa Allah da wannan kunyar ta Baba.

Ta cire takalmi ta zauna a tabarma, ta wanke hannu, ta ci ba tare da wani iyayi ba. Can ta ɗaga kan kifin ta juya shi.

“Inna, wannan ai na teku ne. Ni da na baro gida ina ta ɗokin tarwaɗar Haɗeja.”

Inna ta sunkuyar da kai, ta ce ai an ga mutanen birni shi suka fi so. Ni kuwa bakina ba ya iya ajiya. Na ce, “Hajiya, babu tarwaɗar ne. Babu shinkafar ma. Wannan da kike ci ni na sayo ta da safe.” Inna ta harare ni hararar da ta sa na tuna ina 'yar shekara bakwai.

Injiniya ba ta dube ni ba, Inna ta duba. Ta ce, “Inna, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Nan ba zaure ba ne.”

Inna ta tashi ta je bayan randa ta ɗauko tsumman, don lokacin gwajin ne, ta warware a gabanta. Ƙwayoyin da suka tsiro ba su kai rabi ba. Ta ba ta labarin irin, da uwarta, da gonar da ke ƙarƙashin kacalla. Har ta gama ba ta ce ruwa ya yi yawa ba. Abin da ta ce shi ne, “Ruwanku ba shi da laifi, 'yar nan. Ƙasar ce ta daɗe ba ta ga rana ba.”

Injiniya ta ajiye cokalin miya. Ta ce ita kacalla ba baƙuwarta ba ce, ta san kwanciyar ruwa ke kawo ta, ta kuma san bushewa ke kashe ta. Ta sha kawo shawarar a rage sakin ruwa na ɗan lokaci da rani, amma duk sanda ta kawo sai a ce mata mutanen ƙasa da bakinsu suke roƙon a ƙara. “To ni wace ce da zan hana mutane abin da suka roƙa?” Na kalli Inna, Inna ta kalli bango.

Sannan ta faɗa mana nata ciwon, ba ta ɓoye komai ba. In ta rage ruwa, inji zai rage wuta, wutar kuwa da ita ake tura ruwan famfo a birni, akwai asibitocin da suka dogara da ita. Masu alkama suna buƙatar ruwa har su yi girbi. Garuruwan da ke ƙasa da mu daga kogin suke sha, su da dabbobinsu, don haka rufewa gaba ɗaya ba ta taso ba. Duk inda ta juya akwai mai kuka.

Inna ta naɗe tsummanta ta ce, “A'a. Kar ki kashe wa marar lafiya fitila saboda tukunyata.”

“Ba zan kashe ba, Inna. Zan nemi tsakani. Amma sai mazan nan sun faɗa da bakinsu, a gaban manyana. Maganar ɗaki ba ta buɗe ƙofar ruwa, ba ta rufe ta.”

Nan aikin yake. Inna ba ta yi wa Baba gardama ba, ba halinta ba ne. Ta dai aika wa limamin garin tuwo, ta sa matarsa ta ji labarin. Ranar Juma'a bayan an idar, liman ya tuna wa dattawa cewa a addini ma akwai addu'ar da ake yi in ruwa ya matsa, a roƙi Allah ya karkatar da shi gefe, kuma ba a taɓa kiran wannan butulci ba. Baba ya dawo gida yana faɗa wa Inna wannan magana kamar shi ya gano ta. Ita kuma ta ce, “Allah ya ƙara wa Malam sani,” tana tankaɗe garinta.

Bulamomin garuruwanmu suka cika mota suka tafi madatsar. Baba ya dawo yana ba da labarin ɗakin injin, wai ƙasa rawa take yi a ƙarƙashin ƙafarka, ƙarar ta fi ta injin niƙa goma. Ya ce da aka ba shi magana sai da ya yi salati ya yi godiya mai tsawo, har Injiniya ta fara gyara zama, sannan ya ce, “A taimaka a bar mana ƙasarmu ta sha rana.” Maganar Inna ce ya tafi da ita, amma ban tona masa ba.

Shekarar farko abin bai yiwu ba. Alkama ta yi jinkirin nuna, azumi ya faɗo cikin tsananin zafi, birni yana kukan ruwa da wuta. Injiniya ta kira ni a waya ta ce in ba Inna haƙuri. Na ji haushinta ranar, na ce a raina duk kanwar ja ce. Inna ta yi gwajinta, tsiron da ya fito kana iya rufe shi da babban yatsa. Wannan karon ba ta wanke tsumman ba, ta bar shi nan bayan randa har ya bushe. Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba.

Ashe Injiniya ba ta kwanta ba. Injinan dama ana tsayar da su a yi musu gyara duk shekara, a da ana yi ne a duk lokacin da ya yi wa ma'aikata daidai. Ta yi ta fama har aka yarda a mai da gyaran bayan girbin alkama, kafin ruwan farko, a riƙa tsayar da su ɗaya bayan ɗaya don kada birni ya rasa gaba ɗaya. Ta sa aka sanar a rediyo da masallatai tun da wuri, kowa ya shirya.

Kar a ce kowa ya ji daɗi. Masu noman tattasai da injin ban ruwa sun tsine mata, cikinsu har da ƙanin mijina, wanda gonarsa ta ƙone a tsaye, ya daina gaishe ni wata da watanni. Makiyaya sun ƙara nisa wajen shayarwa. A birni an zage ta a gidan rediyo. Daga baya ta ce mini a makonnin nan ko wayarta tsoron ɗauka take. Da shekara ta zagayo ta zauna da masu tattasan aka ja musu lokacin shuka baya, abin ya yi sauƙi, amma na farkon an sha shi da ɗaci.

A karon farkon nan, da aka rage saki, ruwa ya fara ja. Da farko wari ne, warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa, har cikin ɗaki. Sannan kacalla ta yi ja, ta bushe. Aka kira gayya, gari ya fito kaf da adda da lauje da fartanya, aka sare aka cinna wuta aka bi saiwa ana tonowa. Mata muna dafa abinci a bakin gona. Ranar da aka kai gonar Inna, ta tako har tsakiya, ta tsuguna ta sa yatsa cikin tsagar ƙasa. Ta gane iyakar gonarta da wani kututturen giginya da ni ban ma san da shi ba.

Da ruwan farko ta fasa bakin tukunyar ta watsa duka, da kauri, don ta san yawancinsa ya mutu. Ya fito tsilla-tsilla kamar gemun saurayi. Injiniya tana kirana duk lokacin da za su ƙara saki, ni in kira Baba, don haka kogi ya zo a hankali, shinkafa tana bin sa. Da kaka aka samu abin da bai cika buhu ba. Inna ta hana a ci, sai sau ɗaya, ranar da Injiniya ta zo. Tuwon jar shinkafa da miyar tarwaɗar tafkinmu, da man shanu. Ta ci har tana gumi.

Da za ta tafi, Inna ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli a wani tsohon ƙyallen atamfa ta sa mata a hannu. Na gane ko mene ne tun kafin a faɗa. Injiniya ta ce ita ba manomiya ba ce. Inna ta ce, “Kina da bakin ruwa. Ki ba wani ya watsa miki. Mu ba ma sayarwa, 'ya ake ba.” Ina tsaye ina murmushi, cikina kuwa kishi ne fal, ni da na fito daga cikinta. A hanya na yi wa mijina mita har ya ce in bar shi ya ga titi.

Shekaru suka biyo, wasu an samu bushewar, wasu ba a samu ba, amma gonar ta tsaya, tukunya ta koma rumbu. Inna ta rasu da rani, bayan gajeriyar jinya. Injiniya ta zo gaisuwa ta zauna a cikin mata, tana amsa ta'aziyya tare da mu, ba wanda ya ga baƙon abu.

Damina biyu bayan haka aka yi ruwan da babu madatsar da za ta iya riƙewa. Injiniya ta kira ni muryarta a dushe, ta ce dole su buɗe, a kwashe mutane da dabbobi a hau tudu yau, kar a jira gobe. In kunne ya ji, jiki ya tsira: ba mu rasa rai ko ɗaya ba. Amma ruwan ya zo da ƙarfin da ko jar shinkafa ba ta iya bi, ya kwashe gona, ya rushe rumbu da abin da aka rage a ciki. Da muka koma, na tsaya a inda ɗakin Inna yake, babu ko katanga. A ranar na yi kukan mutuwarta na gaske, don ina ganin yanzu ne ta tafi duka.

Da bazara wata mota ta tsaya a ƙofar gidana a Haɗeja. Injiniya ce, da furfura a gaban goshi, direbanta yana sauke buhu. Ta ce tun shekarar da aka ba ta, wani manomi a gefen tafkin madatsar yake watsa mata, suna raba abin da aka samu, ba ta taɓa bari ya tsallake damina ba. Buhun na gonar gida ne, a kai wa Baba. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da ƙulli, a cikin ƙyallen atamfar nan, ya koɗe amma shi ne.

“Wannan naki ne. In uwa ba ta nan, 'yar'uwa ke bayarwa.”

Na karɓi ƙullin da hannu biyu. Na ce mata ni fa a kan siminti nake. Ta ce ta sani, Inna ta ba ta labarin tun tuni, har ta ce mata bakina ya fi hannuna aiki.

Baba ya yanka mini gefen gonar, daga kututturen giginya zuwa bakin ruwa. Ban iya watsi ba har yanzu, wani wuri ya yi cunkus wani ya yi fili, matan gari suna wucewa suna cewa sannu Malama. Duk bazara nakan ɗebi kaɗan in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma in ajiye bayan randa. Bana da na warware, kusan duka sun tsiro, na ɗauki hoto na tura mata.